Kunnena a Hoton Inna

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Magarya wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In na durƙusa na gaishe ta, tabarma take amsa wa. Ana yaye ni goggona ta goya ni zuwa Goronyo, can na yi wayo, can na yi makaranta, sai da salla ake kawo ni gida in ga dangi. Kowa ya san kunya ce irin ta uwa da ɗan fari, ni ma na sani, har nakan tsaya gaban ɗalibaina a Wurno in yi musu bayanin al'adar da murya irin ta masana. Ina bayanin ina jin haushi a raina. Na kai shekara arba'in ban san yadda idanun mahaifiyata suke ba in suna kallona, don da na ɗago kai take sunkuyar da nata.

Wata Asabar a lokacin cire albasa na hau babur na je gaishe ta. Tsakar gida cike da lawashi, Inna na zaune bakin rumfa tana tsince shi za a daka a yi gabu. Ƙanwata ta zo daga gidan mijinta a Rabah don ta kama mata aikin. Ita kuwa tun tana ƙarama bakinta ba ya hutawa, ina zama ta ƙura mini ido.

"Yaya, hurhura ta hito maka ga gemu!"

"Ƙarya kika yi."

"Wallahi ga ta nan, har guda ukku."

Na yi tsaki, amma maganar ta shige ni. Na juya musu baya kamar mai duba saƙo, na ciro waya, na kunna kyamarar gaba don in yi madubi da ita. Furfurar nake nema, sai na hango abin da ke bayan kafaɗata. Inna ta ɗago kai. Hannuwanta sun tsaya cak a cikin lawashi, tana kallon ƙeyata, bakinta a ɗan buɗe da murmushi. Irin kallon da na sha gani tana yi wa ƙannena ina gefe ina haɗiyar yawu. Allah ya taimake ni ƙarar wayar a kashe take tun taron malamai na jiya. Na danna maɓallin ɗaukar hoto, na sake dannawa, har sau shida. Da na waiwayo ta riga ta koma kan aikinta, kai a sunkuye.

Ban san yadda na gama zaman nan ba. A hanyar komawa Wurno waƙa nake yi da ƙarfi a kan babur, saura kaɗan in shige cikin jakin wani mai albasa, ya bi ni da baƙar magana ni kuwa ina ɗaga masa hannu ina dariya. Matata ta ga fuskata ta ɗauka ƙarin girma aka yi mini a wurin aiki. Na zauna ko takalmi ban cire ba na duba hotunan. Biyar sun yi dishi-dishi saboda rawar hannu. Ɗaya ya tsaya. Kunnena da gefen hulata sun cika gaban hoton, Inna na can baya 'yar ƙarama a inuwar rumfa, amma kallon yana nan.

Washegari da hantsi na buɗe manhajar gyaran hoto da ke cikin wayar, na ce yau sai na yi wa Inna gata. Duk maɓallin da na gani sai na ja shi har ƙarshe. Na ƙara haske, na ƙara launi har zanenta mai ruwan ƙasa ya koma ja, na sami wani wuri da ke goge tamoji na goge, na sami na fararen haƙora na danna. Ina yi ina yaba wa kaina, ina cewa ashe da na bar koyarwa na buɗe shagon hoto da yanzu an san ni har birnin Sakkwato. Da azahar na miƙa wa matata ina jiran kirari. Ta karɓa ta juya wayar sama da ƙasa.

"Wace amarya ta wagga?"

Na fizge wayata na ce ba ta san hoto ba. Amma da na sake dubawa ni ma ban gane matar ba, sai dai ban faɗa mata haka ba.

A Goronyo akwai wani tsohon mai hoto kusa da kasuwa, wanda shi ya ɗauke ni hoton shiga firamare. Duk garin Baba ake ce masa. A da da tsinin fensir yake gyara fuskokin mutane a jikin fim, yanzu ya koma kwamfuta, tabarau biyu yake ɗorawa in zai yi aiki. Hannunsa na da kyau, bakinsa kuwa ba ya raga wa kowa. Ranar Litinin ana tashi daga makaranta na kama hanya, ko abinci ban tsaya ci ba. Na miƙa masa wayar da hoton da na gyara.

"Wa yay yi wanga aika-aika?"

"Ni na, Baba."

"Ka san matar?"

"Inna ta."

"A'a. Ni na san innarka tun tana amarya. Wagga 'yar tsana ta, ta roba. Ka goge mata shekara talatin, wa yab ba ka izni? Ina na asalin?"

Ya tura na asalin cikin kwamfutarsa, hoton ya cika allo. Ya ɗauki biro yana nuni da gindinsa, yana lissafa laifuffukana ɗaya bayan ɗaya. Bangon gida ya karkata kamar zai faɗi. Taɓaryar da ke jingine a baya ta tsiro wa Inna a tsakar kai. Rana na bayanta, fuska ta yi duhu. Rubutun da ke jikin buhun albasa ya juye, don kyamarar gaba madubi ce. Kunnena kuwa ya cinye kashi ɗaya cikin uku na hoton. Duk wanda ya ambata sai in kawo uzuri, in ce ai sata na yi, ai hannuna rawa yake, shi kuma ya ce hoto ba ya zuwa da takardar uzuri a bayansa. Raina ya fara ɓaci, har na kai hannu zan ɗauki wayata in tafi.

Sai ya matso kusa da allon. Ya jawo fuskar Inna kusa, ya ƙara jawowa, har idanunta suka cika allon. Ya cire tabarau ɗaya ya goge da bakin riga ya mayar.

"Kai na ɗan hwarinta ko?"

"Awo, Baba."

"Tun ina saurayi nika ɗaukar mutane. In uwa taz zaka nan da ɗan hwari, ƙasa taka kallo, ko ka yi ta roƙo. Ban taɓa kama wanga ba. Kai kau da ba ka iya komi ba, ka kama shi da wayar aljihu."

Zagi ne da yabo a haɗe, amma yabon kaɗai na ji. Na koma na zauna a kan benci ina washe baki, ji nake kamar in fita kasuwa in tara mutane.

Ya ce in jawo bencin kusa in ga yadda ake aiki. Ya fara da juya hoton ya koma daidai. Yana juyawa, wani ɗan tabo da ke kumatun Inna na dama ya koma na hagu. Ya tambaye ni a wane kumatu tabon yake a zahiri, don mu tabbata. Ban sani ba. Ban ma san tana da tabon ba sai a hoton nan. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya koma ya duba rubutun buhu ya ga yanzu yana karantuwa, ya ce shi ke nan hagu ne. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na yi kamar tari ya kama ni.

Daga nan aikin ya yi daɗi. Ya miƙar da bangon da ɗan juyi kaɗan. Taɓaryar kuwa ya riƙa ɗebo ƙasar bango daga gefe yana liƙawa a kanta, ɗan kaɗan ɗan kaɗan, har ta ɓace, ni kuwa ina ta salati kamar ban taɓa ganin kwamfuta ba. Haske bai watsa wa hoton duka ba yadda na yi. Fuskar kaɗai ya zagaye, ya ɗaga inuwar a hankali, in ya ƙara sai ya ja da baya ya duba, ya rage. Tamojin goshi da na gefen ido duk ya bar su. Da fuskar ta fito sai na ga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo kamar yashi a kanta, na ce ya goge su. Ya ce in aka goge yashin nan idanun za su tafi tare da shi, gara a bar shi. A kan ƙwayar idon ya fi daɗewa, yana ƙara mata kaifi da abin da bai fi ƙiftawa ba, har ɗan hasken da ke cikinta ya fito. Na roƙe shi ya rage kunnena, don ban taɓa sanin haka yake da faɗi ba. Ya yanke gefen hoton har ya rage saura rabin kunne da bakin hula.

"Kunnen mummuna na," in ji shi, "amma naka na. A bar shi hakanan."

Ya wanke mini guda ɗaya daidai aljihun riga, ya kuma tura mini gyararren a waya.

A nan na yi wautar. Murna ta hana ni tunani. Ban ko fita daga shagon ba na aika wa ƙanwata, wadda har lokacin tana Magarya. Na manta wa na aika wa. Kafin la'asar ɗin Talata hoton ya zagaya hannun duk matan da suka zo taya dakan gabu, daga nan ya tsallaka katanga. Wata tsohuwar ƙawar Inna ta shigo har tsakar gida tana tafa hannu tana cewa ashe haka ake satar kallon ɗan fari in ya ba da baya. Matan suka kwashe da dariya. Inna ta tashi ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba, washegari kuma ana suna a maƙwabta ta ƙi zuwa.

Ƙanwata ta kira ni ina tsakiyar cin abinci, muryarta ba wasa a ciki.

"Yaya, Inna ta ce a goge hoton ga duk inda yake. Ta ce an kunyata ta cikin tsaranta. Ni na goge nawa, na bi waɗanda nit tura ma sun goge."

Na ture kwanon. Na yi ta faɗa, na ce shekara arba'in ina jiran kallo ɗaya, na samu, yanzu kuma a ce in goge shi da hannuna saboda wata tsohuwa mai tafa hannu. Na ce da ita ce da dogon bakinta ta jawo. Ta bar ni na gama, ta ce ita dai ta isar da saƙo, ta kashe waya. Da zuciyata ta sauka sai na ga gaskiyar da ba na son gani. Inna ba ta ba ni kallon nan ba, sacewa na yi, na kuma kai shi kasuwa. Maganar uwa ba a tsallake ta. Amma duk lokacin da na kai yatsa kan wurin gogewa sai in kasa.

Ina cikin aji ranar Alhamis, ina rubutu a allo, dabara ta faɗo mini. Ai ba fuskarta Inna take jin kunya ba, wanda take kallo ne. In aka cire ni daga hoton, ba wanda zai ce ga abin da take kallo, kallon kuma yana nan, ni na san nawa ne. Na ji daɗin dabarar nan har na rubuta kwanan wata sau biyu, ɗalibai suna ta dariya. Ana kaɗa ƙararrawa na nufi Goronyo.

Baba ya saurare ni yana girgiza kai. Ya ce shi ya taɓa cire kishiya daga hoto, ya taɓa cire abokin da aka ɓata da shi, amma bai taɓa ganin wanda ya zo a cire shi da kansa ba. Duk da haka ya jawo kujera. Wannan aikin ya fi na taɓarya wuya, don bayan kunnena akwai bango, akwai karan rumfa, kuma dole kowane kara ya haɗu da ɗan'uwansa. Ya riƙa ɗebowa yana liƙawa. Hular ta fara tafiya, sai saman kunnen, sai ƙasansa. Ina zaune ina kallon ana share ni daga tsakar gidanmu, murnar dabarata tana raguwa. Da ya gama hoton ya yi tsaf, ba abin da mai sukar hoto zai kama. Tsohuwa kyakkyawa cikin lawashi tana murmushi.

"To ga shi," in ji Baba. "Ya yi kyau kamar na kalanda." Yadda ya faɗe ta, ba yabo ba ne.

Ranar Asabar na isa Magarya da rana tsaka. Sabon hoton na cikin ambulan, na farkon kuma na aljihun gaban rigata. Na riga na yanke wa kaina hukunci a hanya: in Inna ta ga wannan ta sake cewa a goge, zan yaga na aljihun a wurin, in share na wayar, in haƙura. Ban shiga ba. Na yi wa ƙanwata waya ta fito zaure ta karɓi ambulan ɗin, ni kuma na lallaɓa na tsaya bayan zanan da ya kare tsakar gida, inda nake jin magana ba a ganina.

"Inna, ga shi an gyara. Babu kowa ciki sai ke."

Na ji ƙarar buɗe takarda. Daga nan ba abin da nake ji sai kaji suna tono.

"Mi na na wanga?"

"Ke ta mana."

"Na san ni ta. Don mi nika yi ma bango murmushi? So aka a ce na taɓu?"

Ƙanwata ta tuntsire da dariya. "Ai ke kinka ce a goge."

"Cewa niy yi kar a yi ta yawo da ni gida-gida. Ban ce a hidda mutum daga gidan ubanshi ba." Ta ɗan tsaya. "Ina wancan na hwarko?"

"Halan ya goge shi, tunda kin ce."

Da Inna ta yi magana muryarta ta yi ƙasa, sai da na manna kunne a jikin zanan.

"Ya cika gaggawa. Haka yay yi ranar da yaz zaka duniya, bai ko jira ungozoma ba. Ni kaɗai ta cikin ɗaki, ni niy yi mai komi."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Ban taɓa jin ta ba da wani labari nawa ba, ko guda. Idanuna suka cika, ga dariya kuma tana neman ƙwace mini, na danne baki da hannu ɗaya. Da ɗayan na zaro hoton farko daga aljihu, mai rabin kunnen, na ɗaga shi ta saman zanan. Na ji takun ƙafa a hankali. Hannun da ya karɓa ba na ƙanwata ba ne.

Takun ya koma wajen rumfa. Na ji ta zauna, na ji ta gyara murya.

"Ke, kai mai ruwa," in ji Inna. "Tun ɗazu yake tsaye cikin rana."